Fatawa: Na ɗauki hotuna a mayanka, tun daga nan nama ya fita raina

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne haihuwar nan Makka, kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan. Sana'ata ɗaukar hoto: biki, walima, wani lokaci kayan shaguna. Bara gab da aikin hajji hannuna ya bushe, sai kawuna, wanda mahauci ne, ya samo mini aikin wucin gadi a wata mayanka a bayan gari, ina koro dabbobi daga shinge zuwa wurin yanka. Kwana tara na yi. A rana ta biyu na fara ɗaukar hoto da waya, daga baya na riƙa shigowa da kyamara a jaka. Ban nemi izinin kowa ba.

Malam, na ga abubuwa. Na ga tumaki an sauke su daga mota wasu ba sa iya tsayuwa, ana jan su ta ƙafa ɗaya haƙarƙarinsu na gogar siminti. Na ga ana wasa wuƙa a gaban idonsu. Ana yanka wannan, na bayansa yana tsaye cikin jinin yana kallo. Na ga an fara fiɗa dabba tana shure-shure. Akwai dai wani dattijo guda da ba ya haka, shi a hankali yake komai, har yara suna yi masa tsiya wai yana ɓata musu layi.

Yau wata bakwai ban sa nama a bakina ba. Ko ƙamshin tsire na ji sai zuciyata ta tashi. Mahaifiyata ta ɗauki abin da zafi, tana cewa na haramta abin da Allah ya halatta, wani lokaci ta ce ko iska ce ta shafe ni. Hotunan suna nan sun fi 400. Na sa guda uku a Instagram, sai wata ƙungiya ta Turai mai kiran mutane su daina cin nama ta rubuto mini tana so ta saya duka.

Tambayata: ɗaukar waɗannan hotuna ya halatta? Zan iya yaɗa su ko in sayar? Ina da zunubi don na bar nama? Kuma Malam ka yi mini afuwa, wani lokaci zuciyata takan ce mini: wa ya ba mu ikon kashe mai rai don kawai mu ji daɗin baki?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, sau biyu na karanta wasiƙarka. Ka sa maganar hoto a gaba, amma abin da ke hana ka barci shi ne wanda ka ajiye a ƙarshe ka faɗe shi a tsorace. To daga can zan faro. Kuma ka kwantar da hankalinka, wannan tambaya ba ta fitar da kai daga komai ba. Wani sahabi ya ce wa Annabi (SAW): ya Manzon Allah, nakan yanka akuya ina jin tausayinta. Sai ya ce masa: akuyar ma, in ka ji tausayinta Allah zai ji tausayinka. Imam Ahmad ya ruwaito shi, Bukhari kuma ya kawo shi a Al-Adabul Mufrad. Ka lura, bai ce masa ya daina yanka ba, bai kuma ce masa ya daina tausayi ba. Ya bar masa su biyun a hannu ɗaya.

Wa ya ba mu iko? Wanda ya halicci ran. Mu ba mu mallaki ran tunkiya ba, kamar yadda ba mu mallaki namu ba. Allah ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummu ne irinku. Shi ɗin ne kuma ya ce a Suratun Nahli, aya ta 5, ya halicci dabbobin ni'ima dominku, akwai abin ɗumi a jikinsu da amfani iri-iri, daga cikinsu kuke ci. Izini ne aka ba mu, kuma izini mai sharaɗi. Shi ya sa ba a sa wuƙa sai an ce Bismillahi Allahu Akbar. Mahaucin da ya san ma'anar abin da yake faɗa, shaida yake bayarwa cewa ran nan ba nasa ba ne, da sunan Mai shi yake taɓa shi, kuma Mai shi ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, fiye da yadda shi ya fi ragon da ke ƙarƙashin gwiwarsa.

Yanzu mu zauna mu tsince abin da ka gani ɗaya bayan ɗaya, domin ka haɗa abu biyu wuri guda, su ne suka cushe maka. Akwai yanka, akwai cuta da aka liƙa wa yanka.

Jan dabba ta ƙafa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani yana jan akuya ta ƙafa zai kai ta yanka, ya daka masa tsawa ya ce: kaitonka, ka kora ta zuwa ga mutuwa kora mai kyau. Wasa wuƙa a gabanta. Ibn Abbas ya ce Annabi (SAW) ya wuce wani mutum ya ɗora ƙafarsa a kan akuya yana wasa wuƙa, ita kuma tana kallonsa, sai ya ce: so kake ka kashe ta mutuwa da yawa? Me ya hana ka wasa wuƙarka kafin ka kwantar da ita? Hakim da Ɗabarani sun ruwaito. Yanka wata a gaban wata, malamai sun ƙi shi, har Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a shekara ta 660 bayan hijira, ya lissafa cikin haƙƙoƙin dabba a kan mutum cewa kada a yanka 'ya'yanta tana gani. Fiɗa kafin rai ya gama fita, shi ma abin ƙi ne a wurin malaman mazhabobi, kuma idan dabbar tana ji a jikinta to azabtarwa ce tsagwaronta. Duk waɗannan suna komawa ga hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim, wanda yaran makarantar Islamiyya suke haddacewa a Arba'una, hadisi na 17: Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za ku yanka ku kyautata yanka, ɗayanku ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa.

Ka ga ke nan, babu abu ɗaya cikin abin da ya tayar maka da hankali wanda shari'a ba ta riga ka ƙyamarsa ba. Zuciyarka lafiyarta ƙalau. Ka gaya wa Hajiya na ce ba iska ba ce.

Zan ɗan gyara maka abu guda, saboda kyamara takan ruɗi mai ita. Ba kowane shure-shure ne alamar jin zafi ba. Idan an yanke manyan jijiyoyin wuya da wuƙa mai kaifi, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa yana yankewa, tunkiya takan fita hayyacinta cikin 'yan sakanni, abin da ya biyo baya motsin jiki ne. Sa yakan fi jimawa, domin yana da wasu jijiyoyi ta cikin ƙashin wuya da ke ci gaba da kai jini kai. Shi ya sa haƙuri bayan yanka ya fi zama dole a kan shanu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in zai yi layya, tun da dare yake wasa wuƙa a bayan gida. Da safe a ba ragon ruwa a kwano, a kai ɗan'uwansa zaure a rufe ƙofa. Wuƙar tana ƙarƙashin tabarma, ba ta fitowa sai an kwantar da shi ta gefen hagu an fuskantar da shi alƙibla, an bar masa ƙafar baya guda a sake. Ja ɗaya, ko biyu in ta yi yawa. Daga nan ya miƙe ya wanke hannu ya zauna, mu yara muna ta zumuɗin a hura fata, shi kuwa ba mai taɓa ragon sai jelar ta daina motsi. Ban taɓa jin ya karanto mana hadisi a kai ba. Daga baya na tarar da hadisan a littafi.

To naman da aka wulaƙanta dabbarsa kafin yanka, ya halatta a ci? Ya halatta, matuƙar yankan ya cika sharuɗɗansa: mai yankan Musulmi ne ko ma'abocin littafi, dabbar tana da rai lokacin da wuƙa ta hau, an ambaci sunan Allah, an yanke abin da ake yankewa. A mazhabar Malik, kamar yadda yake a Risala, maƙogwaro ne da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba ba ta ƙeya ba, kuma kada ya ɗaga hannu ya bar aikin rabi sannan ya dawo daga baya ya ƙarasa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce maƙogwaro da hanyar abinci. Abu Hanifa ya ce uku daga cikin huɗun. Zunubin cutar yana wuyan wanda ya yi ta, da wanda ya ɗora masa adadin da ba zai iya ba sai da gaggawa, da mai wurin da ya gani ya kau da kai. Naman bai zama mushe ba. Sai dai kada a fake da wannan a ce tunda halal ne shi ke nan. Wanda ya san inda ake kyautatawa da inda ake cuta, kuma yana da zaɓi, ya kai kuɗinsa inda ake kyautatawa.

Sai barin nama. A nan niyya ce ke raba hukunci. An kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Maimuna, ya miƙa hannu, da aka gaya masa damo ne sai ya janye. Khalid ɗan Walid ya ce: haramun ne ya Manzon Allah? Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena, sai na ji raina ba ya son sa. Khalid ya jawo ya ci, Annabi yana kallo. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Wanda ransa ya ƙi wani abinci na halal, ya bar shi ba tare da ya ce haramun ne ba, babu zunubi a kansa ko da ya shekara hamsin a haka. Cin nama halal ne, ba farilla ba ne. Kai a wannan ajin kake, gwargwadon abin da ka rubuto.

Inda haɗarin yake shi ne mutum ya mayar da barin ibada, ko ya ƙudurta cewa yanka kansa zalunci ne. A ruwayar Muslim ta hadisin mutanen nan da suka je suna tambayar ibadar da Annabi yake yi a ɓoye, ɗayansu cewa ya yi ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Amsar da suka samu ita ce wanda ya ƙi sunnata ba ya tare da ni. Allah kuma ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 87, kada ku haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta muku. Wanda ya ce yanka zalunci ne a asalinsa, to ya sani Annabin rahama ya soke raƙuma 63 da hannunsa a hajjin ban-kwana, nan Mina, Sayyidina Ali ya ƙarasa sauran na ɗarin, aka ɗebo tsoka daga kowanne aka dafa a tukunya suka ci suka sha romon. Ba za mu fi shi tausayi ba. Wannan ra'ayi ma ba Turawa suka fara shi ba. Mawaƙin nan Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rasu a 449 bayan hijira, ya bar nama da madara da ƙwai da zuma, aka yi ta musayar wasiƙu da shi a kai, kuma malamai ba su bi shi ba.

Amma bari in faɗi wata magana da mutanenmu ba su cika son ji ba. Yadda muke cin nama yau ba haka magabata suka ci ba. Nana A'isha ta ce sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah ba, sai dabino da ruwa. A cikin Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya ce: ku yi hattara da nama, domin yana da sabo irin sabon giya. Ya kuma haɗu da Jabir ɗan Abdullahi da nama da ya sayo, ya ce masa: ɗayanku ba zai ɗaure cikinsa ba saboda maƙwabcinsa ko ɗan baffansa? Mu kuwa fa? A je walima a Makka ko Jidda a ga faranti nawa na mandi, wato shinkafa da nama, ake kwashewa zuwa shara, rabin rago a kai ba a taɓa ba. Wannan ragon ya ƙetaro teku daga tashar Sawakin ta Sudan ko Barbara ta ƙasar Somali a cunkushe, ya sha zafi da ƙishirwa, aka zare masa rai da sunan Allah, ƙarshensa kwandon shara. A 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar Sawakin da tumaki fiye da 15,000 da za a kawo nan ƙasar. Gaggawar da ka gani a mayanka, mu masu saye muna da hannu a cikinta. In abin da ka gani ya sa ka rage nama, ko ka daina zubar da shi, ka amfana. Layya dai in kana da hali ka yi, hadaya in ta hau kanka ka bayar. Rashin cin naman ba ya ɗauke su. Ci daga layya mustahabbi ne a wurin jamhurin malamai, in ka kasa ba laifi.

Mu dawo kan kyamara.

Saɓanin malamai a kan hoton kyamara sananne ne, ba zan ja shi ba. Kwamitin fatawa na dindindin na wannan ƙasa da Shaikh Ibn Baz sun hana hoton mai rai sai da larura ko buƙata. Shaikh Muhammad Bakhit Al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, ya ce tsare inuwa ne kawai, ba ƙirƙirar sura ba. Shaikh Ibn Usaimin ya tafi a kan cewa hoton da na'ura ke ɗauka nan take bai shiga cikin suranta da hadisai suka yi narko a kai ba, hukuncinsa yana bin manufarsa. Malikiyya dama abin da suka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi. Abin da na rinjayar shi ne halacci, kuma ko a wurin masu tsanantawa, hoton da za a kafa hujja da shi don kau da ɓarna yana shiga cikin buƙata.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka san me ke hannunka. Hoton da aka ɗauka don nuna abin da ya faru shaida ne, don haka hukuncin shaida ne ke kansa. Ba a ɓoye shaida, kamar yadda aya ta 283 ta Baƙara ta ce. Ba a kuma karkatar da ita, ba a kai ta inda ba wurinta ba, ba a cutar da wanda bai ji ba bai gani ba da ita.

Kuma sa ido a kan mayanka ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Littattafan hisba, irin na Shaizari na zamanin Salahuddin da na Ibnul Ukhuwwa bayansa, suna da babi guda a kan mahauta: kada su ja akuya ta ƙafa da ƙarfi, kada su yi yanka da dasasshiyar wuƙa, kada su fara fiɗa sai ta huce rai ya fita. Kamar marubucin yana tsaye kusa da kai a waccan mayankar. A ƙasar Hausa ma Sarkin Fawa ba don ado aka naɗa shi ba. Yau kyamara tana iya zama idon mai hisba. A 2011 wani gidan talabijin na Ostareliya ya nuna abin da ake yi wa shanunsu a wasu mayankun Indonesiya, gwamnati ta dakatar da fitar da shanu zuwa can na kusan wata guda, aka kuma kafa sababbin ƙa'idoji. A 2018 aka nuna bidiyon da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ɗauka, na tafiyar da tumaki kusan 2,400 suka mutu da zafi a hanyarsu daga Ostareliya zuwa ƙasashen nan na Larabawa; a 2024 majalisar Ostareliya ta yi dokar daina fitar da tumaki masu rai ta teku daga watan Mayu na 2028. A Ingila tun 2018 doka ta wajabta sa kyamarori a mayanku. Gani ya kori ji. Ni kaina na ga Mina kafin 1403, wato 1983, lokacin da aka fara shirin amfana da naman hadaya a hannun Bankin Musulunci da ke Jidda. Dabbobi ne yankakku a jibge a rana, wari ya hana numfashi, a ƙarshe a zo da mota a binne. Sai da aka yarda cewa ɓarna ce sannan aka gyara, har naman ya riƙa kaiwa ga matalauta a ƙasashe da dama. Wanda ya ce a rufe ido don kada a ga aibinmu, bai taimaki addini ba.

Sai dai ita shaidar, wa za ka miƙa wa? A nan ne na tsaya maka.

Ƙungiyar da ta rubuto maka ta faɗi manufarta da bakinta: mutane su daina cin nama gaba ɗaya. Ba gyaran yanka take nema ba. Hotonka a hannunta zai fito da rubutu a ƙasa wanda ba kai ka rubuta ba, kuma tunda a Makka aka ɗauka a lokacin hajji, ka san abin da za a ce: ga hadayar Musulmi. An taɓa gani. A 2015 aka fitar da bidiyon ɓoye na wata mayankar halal a arewacin Ingila, abin da ke ciki mummuna ne ƙwarai kuma shari'armu ta riga kowa haramta shi, amma masu neman a hana yankan Musulmi suka ɗauke shi suka yi tuta da shi. Sayar da hotunanka ga wanda ka san zai yi amfani da su wajen ƙyamatar da abin da Allah ya shar'anta bai halatta ba, ko nawa za su biya. Kamar mai sayar da inabi ne ga wanda ya tabbata giya zai matsa.

Sai fuskokin mutane, kuma wannan ya fi damuna. Kai ɗan Makka ne, ka san su wane ne ke aikin wucin gadi a mayanka lokacin hajji. 'Yan'uwanka ne, da 'yan Sudan, da 'yan Chadi, da wasunsu. Wani igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, wani kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, bai san yana wurin ba, wani bai taɓa riƙe takarda ba tun da aka haife shi. Ka sa fuskarsa a intanet, mai mayankar zai ce bai san shi ba, shi kuwa a kwashe shi zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, a bar mace da yara a ɗakin haya. Mai wurin da ya ce a yanka ɗaruruwa kafin azahar ba ya cikin hoton, yana ofis cikin sanyi. Wanda ke cikin hoton shi ne yaron da aka biya kuɗin yini. Laifin jan rago ta ƙafa laifi ne, amma hukuncinsa ba raba mutum da iyalinsa ba ne, kuma ba kai ne alƙali ba. Kawunka ma da ya tsaya maka, da mutuncinsa ka shiga wurin. Ka shiga a matsayin ma'aikaci ka ɗauki hoto a ɓoye. Wannan akwai tauye amana a ciki, ka nemi gafarar Allah, ka kuma gaya wa kawun naka gaskiya kafin ya ji a bakin wani. Ga dokar ƙasa: dokar laifukan intanet ta 1428, wato 2007, ta tanadi ɗauri har shekara guda ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna ta intanet. Guda ukun da ka sa a Instagram, in akwai fuskar mutum ko alamar da za a gane wurin, ka sauke su yau.

Hanyar da ta halatta, har ma nake ganin ta hau kanka tunda ka gani, ita ce ta hadisin Abu Sa'id: wanda ya ga abin ƙi ya canza shi da hannunsa, in bai iya ba da harshensa. Ka fara da kawunka, ku je wurin mai kula da mayankar ko likitan dabbobin da ke wurin, ka nuna musu, cikin ladabi. In ba su ji ba, akwai baladiyya, wato hukumar gari, akwai Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, kuma ƙasar nan ta amince da dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen Majalisar Haɗin Kan yankin Gulf tun 1434, wato 2013. Kai ƙara wurin mai ikon gyara ba giba ba ce; Imam Nawawi ya lissafa neman taimako don kau da abin ƙi cikin wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum. Ko a nan ɗin ka rufe fuskokin leburori. Abin da kake so a gyara tsarin aikin ne: yawan dabbobi a kan mutum ɗaya, rashin shamaki tsakanin mai jira da wanda ake yankawa, rashin ruwa da inuwa.

In kuma kana so ka ci gaba da wannan aiki a matsayin sana'a, ka nuna wa jama'a yadda nama ke zuwa farantinsu, ban hana ka ba, ina ma ganin alheri a ciki, domin yaran yanzu da yawa a leda suka san nama. Ka shiga ta ƙofa da izini. Duk wanda fuskarsa za ta fito ya yarda. Ka rubuta gaskiyar wuri da lokaci a ƙarƙashin kowane hoto. Kada ka mayar da jini abin jan 'yan kallo, kuma ka yi gargaɗi kafin hoto mai tayar da hankali saboda yara da masu raunin zuciya. Abu guda kuma haramun ne ba tare da wani saɓani a wurina ba: ka ce wa mahauci dakata, riƙe shi haka, bari haske ya yi daidai, dabba tana kwance ƙarƙashin wuƙa tana jira. Ibn Umar ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya ce Manzon Allah ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin bara. Wanda ya tsawaita wa dabba fargaba don hotonsa ya yi kyau, ina ji masa tsoron ya kusanci wannan. Haka nan in ka ga ana cuta kuma maganarka za ta iya tsayar da ita a lokacin, ka sauke kyamara ka yi magana. Hoton ya biyo baya.

Ina da tambaya gare ka ni ma. Cikin hotuna 400, nawa ne na dattijon nan da yara ke yi wa tsiya? In ka nuna masu jan ƙafa ka ɓoye shi, shaidarka ta zama rabi, Allah kuwa ya ce idan za ku yi magana ku yi adalci. Ka neme shi. Ka gaishe shi, ka roƙe shi ya bar ka ka ɗauki hannayensa yana aiki, daga ba da ruwa har zuwa zaman jiran da yake yi bayan yanka. Irin wannan hoton ne za a nuna wa sababbin yara kafin a ba su wuƙa a hajji mai zuwa, kuma shi ne zan so ka fara nuna wa Hajiya.

Ita kuwa, ka zauna da ita ka gaya mata da bakinka cewa ba ka haramta nama ba, ranka ne ya ƙi, kamar yadda ran Annabi ya ƙi damo. Ka ci gaba da sayo mata nama da kuɗinka, ka zauna a ci abinci tare da kai, ka ɗebi shinkafarka ta gefe ba tare da yatsine fuska ba. Ba a tilasta maka ci ba, ita ma kada ta tilasta maka. Ka kula da jikinka da wake da ƙwai da madara da kifi in kana iya ci, in ka ji rauni ka ga likita. In kuma hotunan suna dawo maka cikin barci har yanzu bayan wata bakwai, wannan ma ka faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne. Ranar da ka ji ranka ya sake, ka fara da abin da aka yanka a gabanka yadda ya kamata, ko a hannun dattijon nan.

Wallahu a'alam.